Wane suna za mu ba "doughnut" a Hausa?

Masu fassara da masu rubuta darussan girki sun daɗe suna tuntuɓe da kalmar "doughnut", kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu tsayar da magana ɗaya a kanta.

Kalmomin Ingilishi biyu aka haɗa: "dough", wato kwaɓaɓɓen fulawa, da "nut", ƙwaya mai ɓawo irin su gyaɗa. Babu gyaɗa a cikin kwaɓin, siffar aka duba, domin tun asali 'yan curi-curi ne ake jefawa cikin mai. Haka marubuci Washington Irving ya siffanta su a 1809 cikin littafinsa kan tarihin New York, har ya haɗa da sunan da zuriyar mutanen Holan ke kiransu, "olykoek", ma'ana wainar mai. Hujin tsakiya daga baya ya zo. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Amurka, Hanson Gregory, ya yi iƙirarin shi ya fara huda shi a 1847. Amfanin hujin a fili yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa kan kasko: mai yana tafasowa ta tsakiya, ciki ya nuna daidai da waje, ba a gutsura a tarar da ɗanyen kwaɓi.

Saboda haka "fanke mai huji" da wasu ke rubutawa bai gamsar da ni ba, domin akwai irin da ba a hudawa sam, sai dai a ɗura masa madara ko cakulan a ciki, kuma sunansu ɗaya.

Amma kalmar fanke kanta ta nuna mana hanya. Daga "pancake" aka aro ta, harafin p ya koma f kamar yadda ya faru a fensir da famfo da fasinja, sannan ta zauna daram har ma'anarta ta sauya, daga abu mai faɗi ta koma dunƙulalle. Yau ba wanda ke jin baƙuntarta.

Shawarata ita ce mu rubuta "donat", jam'i "donat-donat", tunda bakin mutane ya riga ya kama ta, su ma Amurkawa sun gajarta rubutunta zuwa "donut". Inda ake bukatar bambancewa sai a ce donat mai huji ko donat mai ɗuri.