Don Allah wa ya iya Japananci a nan Damagaram?

Salam 'yan uwa, abu ya cushe min. Tun 2014 da aka nuna Scalebound nake jiran gem ɗin nan, wanda yaro Drew ke yaƙi tare da dodonsa mai fiffike Thuban, har kuɗin Xbox One, na'urar da za a buga shi a kai, na fara tarawa a asusun gwangwani, kwatsam Janairun 2017 Microsoft suka ce sun soke shi. Hideki Kamiya, ɗan Japan ɗin da ya jagoranci aikin, ya bar PlatinumGames, kamfanin da ya fara haɗa gem ɗin, a 2023, shi ne nake son tambayarsa kai tsaye da Japananci a X (tsohon Twitter), wai ina aikin ya tsaya, akwai ɓangaren da aka gama da za a iya bugawa?

Matsalar ita ce an san mutumin da toshe masu maimaita tsohuwar tambaya, ni kuma Faransanci kawai na iya sai Hausa. Na gwada fassarar waya sau uku a zaune bakin shagon caji a Zango, in na maido ta Faransanci sai maganar ta koma shirme, dodon ma ya zama ƙadangare. Wa zai tsara min layi biyu cikin ladabi? Ko dai ba shi da ikon magana tunda sunan na hannun Microsoft?