Hanyar Kungsleden a bazara: in bi ta gaba ɗaya da tanti, ko in tsaya a mako guda?

Auta: Assalamu alaikum, yayyena da iyayena. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin doguwar tafiyar ƙafa da jaka a baya. Ina da hutun mako huɗu daga farkon Yuli, kuma na ƙudurta bin hanyar Kungsleden da ke arewacin Suwidin, wadda ta tashi daga Abisko ta ƙare a Hemavan, kimanin kilomita 440. Abin da na kasa yankewa shi ne ko in ɗauki tanti in bi hanyar gaba ɗaya, ko in tsaya a kan yankin farko, daga Abisko zuwa Nikkaluokta, kilomita 105 ko kusa da haka, ina kwana a ɗakunan katako da ke kan hanya. Na auna jakata jiya da dare ta kai kilo 19, kuma tafiya mafi tsawo da na taɓa yi ta kwana biyu ce. Wani abokin karatuna ya ce zai raka ni, sai dai har yau ko takalmi bai saya ba. Hotunan duwatsu sun ishe ni, abin da nake so in ji shi ne yadda yini yake wucewa: ƙarfe nawa ake tashi, me ake ci, yaya ake wanka da wanki, yaya ake salla a inda rana ba ta faɗuwa, kuma nawa mutum zai tanada.

Baban Yara: Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka sayi gidan sauron da ake sawa a kai kafin ka sayi komai. Sauron arewacin Suwidin a watan Yuli ba ya jiran dare, kuma a wuraren da ke da fadama da bishiyoyi yakan taru a kan mutum har ya faɗa cikin kofin shayi. In da hali ma ka ɗaga tafiyar zuwa ƙarshen Agusta, lokacin da sanyi ya fara kashe shi.

Auta: Na gode, Yaya, amma hutun nawa a Yuli yake, ba ni da ikon matsar da shi.

Malama: Bari in faɗa maka yadda nawa yinin yake, na yi daga Abisko zuwa Kvikkjokk cikin kwana goma sha biyu. Nakan farka wajen ƙarfe shida ba don na ƙoshi da barci ba, sai don haske, domin a farkon Yuli rana ba ta ɓuya a can, dole sai na ɗaure idanuna da ɗankwali kafin barci ya ɗauke ni. Daga farkawa zuwa ɗaga jaka yakan ci mini awa ɗaya da rabi a kwanakin farko: ɗebo ruwa a rafi, dafa shi a ƙaramin murhun gas, girgije raɓar da ta jiƙa tanti, naɗe shi, sannan liƙa filasta a dunduniya tun bororo bai fito ba. Zuwa kwana na biyar na iya gama wannan duka cikin minti arba'in, saboda kowane abu ya san wurinsa a jaka. Tafiyar kanta awa shida ce zuwa bakwai, kilomita 12 zuwa 20 gwargwadon yadda ƙasar take, ina bin jan fentin da aka shafa a kan duwatsu, a fadamu kuma ina taka allunan katako da aka shimfiɗa, waɗanda suke santsi ƙwarai in an yi ruwa.

Ruwan sha ba nauyi ba ne a kanka, rafuka suna ko'ina kuma ana shan ruwansu, saboda haka gora ɗaya ta isa. Wanka kuwa sai dai na jarumta, domin ruwan daga narkakkiyar ƙanƙara yake gangarowa, ko alwala na yi sai yatsuna su daina ji na ɗan lokaci. Safa ƙafa uku na tafi da su: ɗaya a ƙafata, ɗaya na wanke na maƙale a bayan jaka da fil tana bushewa muna tafe, ta ukun kuma ba ta fita daga jakar barci, ita ce ta dare, ban taɓa yarda ta jiƙe ba. Game da salla, na tambayi malamin da na amince da shi tun kafin in tashi, ya ce in ƙaddara lokutan a kan gari mafi kusa da ake bambance dare da rana a cikinsa, sai na rubuta jadawalin a takarda, tun da waya ba ta samun sabis a mafi yawan hanyar, kuma na riƙa yin ƙasaru ina haɗa azahar da la'asar. Kai ma ka tambayi naka malamin. Kilo 19 kuwa ya yi yawa, ni da goma sha uku na fita, kuma a hawan mashigin Tjäktja, wanda shi ne wuri mafi tudu a hanyar, wajen mita 1,150, sai da na yi da-na-sanin kowane abu da na cusa "ko da za a buƙata".

Tsohon Matafiyi: Duk abin da Malama ta lissafa daidai ne, amma ni layi ɗaya na gani a tambayar yaron nan, wato abokin da bai sayi takalmi ba. Auta, ka saurare ni da kyau. Na fita wannan hanya da mutumin da muka yi shekara shida muna cin abinci a kwano ɗaya. Muka raba kaya don sauƙi: ni na ɗauki tanti da mafi yawan abinci, shi ya ɗauki murhu da gas da tukunya da taswira, jakar barcin da yake kwana a ciki ma tawa ce, na ara masa. Kwana uku na farko lafiya lau. Daga Alesjaure ya fara ƙorafi, yau na cika jinkiri, gobe ina munshari, jibi ni ne na zaɓi wurin kafa tanti a kan duwatsu. Gajiya da yunwa suna fito da halin da mutum ya daɗe yana ɓoyewa, kuma a tanti mai faɗin tabarma ɗaya babu inda za ka juya ka ba wa ɗan'uwanka baya ba tare da kun gogi juna ba.

A Singi hanya ta rabu biyu, ɗaya ta yi gabas zuwa dutsen Kebnekaise da Nikkaluokta inda ake samun mota, ɗaya ta ci gaba kudu. Mun kwana a kusa da wurin bayan mun yi musu mai zafi a kan ko a ci gaba. Da na farka da safe sai na tarar da gefensa babu kowa, ya bar mini 'yar takarda a cikin takalmina cewa gwiwarsa ta ƙi, ya koma. Bai tashe ni ba, kuma bai tuna cewa murhu da taswira suna cikin jakarsa ba, ko kuwa ya tuna ya ga ba damuwarsa ba ce. Girman kai ya hana ni bin sa, na ci gaba ni kaɗai ina jiƙa abincina da ruwan sanyi ina haɗiya kamar magani. Da na isa tafkin Teusajaure da yamma, jirgi mai inji ya riga ya yi sawunsa na ƙarshe. Ƙa'idar kwalekwalen tuƙi a can ita ce dole a bar aƙalla ɗaya a kowane gefe, ni kuwa ɗaya tak na tarar a nawa gefen. Ma'ana sai na tuƙa na haye, na ɗauro wani na jawo shi na dawo da shi, sannan na sake hayewa: sawu uku, kowanne kusan kilomita guda, iska tana karkatar da ni, ni da ban taɓa riƙe filafili ba. Na fito tafin hannuna biyu sun ɗaye, na zauna a bakin ruwa na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na dawo gari na tarar ya baza hotuna yana karɓar barka, kamar shi ya ƙure hanyar, jakar barcina kuma shekara huɗu ke nan ban sake ganin ta ba.

Hajiya: Subhanallahi. Allah ya saka maka, Malam. Amma ka yi mini uzuri, ai akwai ɗakunan kwana a Kaitumjaure da Teusajaure, kuma a cikinsu akwai murhun girki. Me ya sa ka zauna kana cin abinci da ruwan sanyi?

Tsohon Matafiyi: Hajiya, kuɗin da na ware na masauki a hannunsa yake, shi ne ma'ajin tafiyar. Wannan ma wani darasi ne.

Kawu: To ai Auta ya huta, abokinsa ba zai iya guduwa daga Singi ba tun da ba shi da takalmi. Ni shawarata kada a saya masa.

Mai Lissafi: Mu koma kan kuɗi, shi ne abin da aka tambaya. Ɗakunan na STF ne, wato ƙungiyar masu yawon buɗe ido ta Suwidin, wadda aka kafa tun 1885, babu wutar lantarki ko famfo a cikinsu, baƙi ne suke ɗebo ruwa su faskara itace su share kafin su tafi. Ni na biya kimanin krona 450 (kuɗin Suwidin) a dare, jirgi mai inji kuma krona 150. Wanda zai kwana a tanti nesa da ɗakunan ba ya biyan ko sisi, domin dokar ƙasar ta ba kowa damar ratsa daji da kwana a cikinsa, in ban da wurare irin gandun Abisko da aka keɓe inda za a kafa tanti. Gas kuma a can za ka saya, ba a shiga jirgin sama da shi.

Hajiya: Malam Mai Lissafi, a wace shekara ke nan? Ni fiye da krona 700 na biya a dare, wani jirgin ma ya haura 300. Kada a sa yaro ya fita da guzirin da ba zai kai shi ba.

Mai Lissafi: Ina da katin zama ɗan ƙungiya, kuma na biya tun daga gida, shi ya sa nawa ya sauka.

Hajiya: To ai da sai ka faɗi haka tun farko. Kuma ba ka ambaci 'yan kantunan da ke wasu ɗakunan ba, irin na Alesjaure da Sälka, inda kaya suke da tsada saboda wahalar kai su, amma su ne suke sa mutum ba sai ya goya abincin mako biyu ba. A nan kuɗina suka tafi, ba a gado ba.

Baban Yara: Ni dai har yanzu ina kan bakana, Yuli ba lokacin zuwa ba ne, duk wannan lissafi bai taso ba.

Malama: Yaya, da girmanka, kai da bakinka ka taɓa gaya mana cewa kwana biyu ka yi ka juyo daga Abiskojaure. Wannan kilomita 15 ne cikin 440. Ban ce ba ka ga sauro ba, amma da zarar an haura inda bishiyoyi suka ƙare, iska takan rage shi sosai, kuma can ɗin ne ba ka kai ba.

Baban Yara: Wanda ya juyo ya fi wanda ya kammala sanin abin da ke mayar da mutum gida, kuma ita ce tambayar sabon shiga. Ke ma ai a Kvikkjokk kika tsaya, ba ki kai rabi ba. Daga can zuwa Ammarnäs babu ɗakunan ƙungiyar, sai ƙauyuka irin Jäkkvik da Adolfström, kuma wannan yankin ne zai gwada mai tanti. A cikinmu wa ya taka shi? Ina jin babu, amma kowa yana magana kamar shi ya share hanyar.

Tsohon Matafiyi: Ni na taka shi, a shekarar da ta biyo baya, ni kaɗai, kuma ban taɓa jin daɗin tafiya kamar wannan ba. Kwana biyu ban ga ɗan Adam ba sai garken barewar da al'ummar Sami, 'yan asalin yankin, suke kiwo, ina dafa abincina lokacin da na ga dama. Kaɗaici bai cuce ni ba, aboki ne ya cuce ni. Har yau in na tuna jakar barcin nan, wadda na yi wata uku ina tara kuɗinta, sai in ji abin ya dawo sabo.

Hajiya: Maganar aro kam ta taɓa ni. Na ba wata ƙanwar ƙawata tantina ta tafi tafiyar kwana biyar, ta naɗe shi a jiƙe ta ajiye wata biyu kafin ta dawo da shi. Da na warware, baƙin fumfuna ya cinye rufin gaba ɗaya, turaku uku sun ɓata, abin da ta ce kawai shi ne "ai haka na same shi". Tun daga ranar na daina, ko cokalin tafiya ba na ararwa.

Mai Lissafi: Ni sandunan tafiyata ne, an dawo mini da ɗaya a lanƙwashe, kuma mai aron ne ya yi fushi da na yi magana. Ina ganin wanda ba zai iya sayen kayansa ba bai shirya tafiyar ba tukuna.

Malama: Wannan hukunci ya yi tsauri, Malam. Tafiyata ta farko da jakar aro na yi ta, na wanke ta na mayar tare da godiya, kuma da ba a ara mini ba da ban taɓa fara ba. Laifin na masu hali ne, ba na aro ba.

Auta: Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na fitar da littattafai biyu da wando ɗaya da tukunya ta biyu, jakar ta dawo kilo 16. Har yanzu dai ban ji amsar tambayata ba: in yi duka ko in tsaya a Nikkaluokta? Kuma tantin da nake shirin tafiya da shi, gaskiya, na wani yayana ne.

Kawu: Hajiya, ki riƙe zuciyarki.

Hajiya: Ban ce komai ba. Ka dai shanya shi ya bushe sarai kafin ka mayar, kuma ka ƙirga turakun a gabansa tun ranar da ka karɓa.

Tsohon Matafiyi: Shi abokin naka, jakar barcin wa zai kwana a ciki?