'Yata mai shekara 9 ba ta riƙe fitsari, mu kai ta aikin robot?

Assalamu alaikum 'yan uwa. An haifi 'yata da ƙari a gadon baya, abin da likitoci ke kira spina bifida. An yi mata aiki tana jaririya, tana takawa, alhamdu lillahi, amma fitsari ba ya tsaya mata. Har yau da fampas take zuwa makaranta. Jiya ta dawo ta ajiye hijabi, ta ce ita da Islamiyya ke nan, wai yara na matsawa daga kusa da ita. Kawunta ya ce a Indiya ana yin aikin tsayar da fitsarin da robot. Babanta har ya fara zancen sayar da fili. Don Allah ku ba mu shawara.

Wata nas: Wa alaikumus salam, Allah Ya ba ta lafiya. 'Yar uwa, kafin maganar fili, yaushe rabon da a duba ƙodarta? Irin wannan mafitsarar takan matse fitsari ya koma sama ya ci ƙoda a ɓoye. Ku nemi hoton ƙoda da gwajin ƙarfin mafitsara wajen likitan mafitsarar yara. Da yawa ana fara musu da maganin oxybutynin da sa robar fitsari duk bayan awa 3 zuwa 4, wasu kuma su bushe ba tare da wuƙa ba.

Wani uba: Ɗana an yi masa. Robot ɗin, da Vinci, ba ya taɓuka komai da kansa. Likita ne zaune yana juya hannayen robot ɗin ta 'yan ƙananan huji a ciki. Aikin kuwa daɗaɗɗe ne, wani likitan Faransa, Mitrofanoff, ya fito da shi a 1980: a ɗauki afendis a mayar da shi hanya daga mafitsara zuwa cibiya, a kuma tsuke bakin mafitsarar. Tabon kaɗan ne, amma robar nan tana nan har abada, ta cibiya yake sawa. Namu bakin hanyar ya taɓa tsukewa, sai da aka sake gyarawa. Don haka ku tambaya, wa zai riƙa duba ta in kun dawo gida? Da yanka ma ana yin aikin.

Wata uwa: In kina da niyyar sake haihuwa, ki gaya wa likita tun kafin ciki ya shiga, akwai maganin folic acid mai ƙarfi da ake ba irinmu da muka taɓa haihuwar mai wannan lalurar. Islamiyyar kuma ki je ki ga malamarsu da kanki.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Hoton ƙoda rabonmu da shi tun tana shekara 4. Ranar Litinin za mu je in sha Allah.