Shawarwarin masu zane kan fentin ruwa

Mun ɗan tattauna da masu zane a Birnin Kebbi kan zana ginin bakin ruwa, tunda ba mu da teku sai a nufi Yawuri bakin Neja ko kogin Matan Fada a Argungu. Duk bakinsu ɗaya, fara da kala mai haske sannan mai duhu, kuma inda rana ta bugi bango kar ka shafa komai, farin takarda shi ne hasken. Inuwa ban da baƙi, haɗa shuɗi da ruwan ƙasa, wannan kam gaskiya ne. Yi amfani da takarda mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, don mara kauri lanƙwashewa take in ta sha ruwa. Fita da sassafe ko la'asar sakaliya, da hunturu kuma yi sauri, kafin ka juya buroshi fentin ya bushe.