Boxer ɗina ya fara hayaƙi da shan baƙin mai, ringi ne ko me?

Mai Boxer, Sule Tankarkar:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Babur ne Boxer mai cc 100, hanyoyinmu kuma duk yashi ne. Da shi ake kai kaya Maigatari ran Alhamis, wani lokaci Gujungu ran Lahadi. Yanzu yana hayaƙi ta salansa, baƙin mai na raguwa, in an ɗora masa buhu biyu sai nishi. Wani bakanike ya ce ringi ne, wato zoben fiston, wani ya ce in sayar in huta. Ni kuwa so nake ya daɗe a hannuna, kuma bayan girbi akwai tafiya Haɗeja har Nguru. Ina mafita?

Bakanike, Ringim:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka bari a buɗe injin sai an ga kalar hayaƙin. In baƙi ne, fetur ya yi yawa iska ta yi kaɗan: ko iyakilina, wato matatar iska mai soso, ta toshe, ko cok ya maƙale, ko kafireta na ambaliya. In fari ne mai ratsin shuɗi da ƙaurin mai, baƙin mai ne ke ƙonewa. Shi ma kashi biyu ne. Wanda ke fita da safe in an tayar, ya ɗauke bayan injin ya yi zafi, yawanci robar bawul ce ta bushe, aiki ne mai sauƙi. Wanda ke ƙaruwa duk lokacin da ka murɗa totur, wannan ringi ne. Kwance fulogi ka duba bakinsa: baƙi busasshe fetur ne, baƙi mai danshi da maiƙo baƙin mai ne, lafiyayye kuwa kalar ƙasa-ƙasa yake.

In ringi ne, a nan mutane ke asarar kuɗi. Sai a zuba sabon ringi a bulok ɗin, wato ramin da fiston ke kai-komo a ciki, da yashi ya riga ya karce, bayan 'yan makonni hayaƙi ya dawo. In an cire bulok, sa farce ka shafa cikinsa. In farcenka na kamawa a zane, ko ka ji gaɓa daga sama inda ringi ke tsayawa, to sai an kai an yi ribowa, wato an ɗan faɗaɗa ramin, an sa fiston da ya fi girma, ana farawa da ƙarin milimita 0.25, sannan 0.50. Ko a sayi bulok da fiston da ringi gaba ɗaya. A sa sabon gasket, kada a maida tsoho. Bayan aikin, kilomita 500 na farko ba lodi mai nauyi, ba gudu, sannan a juye man.

Amma tambayar da ta fi ita ce ta ina yashin ya shiga. Ta iyakilina ne, ko ta robar da ke haɗa ta da kafireta in ta tsage. Wasu ma cire soson suke yi wai babur ya ƙara gudu, wannan kashe injin ne da hannunka. Da hunturu a wanke soson duk mako da kalanzir, a matse ba murɗawa, ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a sake matsewa. Busasshen soso ba ya kama ƙura.

Baƙin mai 20W-50 na babur, kusan lita ɗaya yake sha. A irin ƙasarku kada ya wuce kilomita 1,000 zuwa 1,500, in mita ta mutu ka riƙa ƙirgawa da makonni. Man da ake aunawa a kwalba bakin hanya, bar shi.

Ɗan Kafin Hausa:
Maigida ya gama magana kan injin, sai dai nishin da ka ce yana yi da lodi ba lallai ringi ba ne kaɗai. In injin na ihu babur ba ya gaba, kulochi ne ke sulɓewa, filet ɗinsa sun cinye ko an ɗaure kebul ya yi tauri. A bar ɗan wasa a hannun kulochi, milimita 2 zuwa 3.

Maganar tafiya kuwa, sarƙa ce ta fi tsayar da mutane a daji. Ta Boxer 428 ce. Wasanta a tsakiya ya zama milimita 20 zuwa 30, kamar faɗin yatsu biyu, kuma a auna da mutum a kai, don lodi na ƙara mata tauri. In haƙoran sifoket, faifan da sarƙa ke hawa, sun yi tsini sun karkata, a canza sarƙa da sifoket biyun tare. Sabuwar sarƙa a tsohon sifoket ba ta kai ko'ina. Murfin sarƙa kada a cire shi. Iskar taya a ma'aunin psi, 25 a gaba, 28 a baya, da goyo ko kaya 32. A jaka: fulogi, tub ɗaya, kayan faci da famfo, makullin sarƙa, kebul ɗin kulochi, sifana 10, 12, 14 da ta fulogi, filaya, sukundireba. Da bazara a riƙa tsayawa injin ya sha iska, amma kada a watsa masa ruwa yana da zafi.

Mai Boxer, Sule Tankarkar:
Allah ya saka da alheri. Na duba, fari ne mai shuɗi kuma yana ƙaruwa da totur. To rage iskar taya a cikin yashi fa, ana cewa yana taimako?

Ɗan Kafin Hausa:
Yana yi, amma kaɗan kuma ba da lodi ba. Taya mai tub in ta yi laushi da yawa sai ta zame a kan rim ta tsinke kan tub ɗin, wanda ba ya faci. Gara ka shiga yashin da giya biyu, totur daidai ba ƙari ba ragi, nauyinka a baya, kada ka taɓa birkin gaba.

Malam na Auyo:
Ƙari ɗaya, tunda ta wajenmu za ka bi, kuma fadamun Haɗeja kan riƙe ruwa har bayan damina. In babur ya mutu a cikin ruwa kada ka buga kik, ruwa ba ya matsuwa, sandar fiston ce za ta lanƙwashe. Turo shi waje, cire fulogi, ka yi ta buga kik har ruwan ya fita ta ramin, ka sassauta sukurun ƙasan kafireta ya tsiyaye, ka matse soson iyakilina. Sannan duba baƙin mai. In ya koma kalar shayi da madara, a juye shi a garin farko da ka tarar da bakanike.