Wace jakar rataye ce za ta jure kabu-kabu da damina?

Jama'a, salamu alaikum. Kullum kabu-kabu (babur ɗin haya) nake hawa a Birnin Kebbi, daga unguwar Badariya zuwa wurin aiki a Gwadangaji, rataye da kwamfuta mai inci 15.6. Ita da caja da takardu sun kai kilo 3.

Jakar farko an sayar mini da ita a matsayin fata. Kafin wata 4 zafin Birnin Kebbi ya sa ta fara saɓewa, sannan ƙugiyar igiyar ta karye, ashe roba ce aka shafa wa fenti. Allah Ya sa a cinyata ta faɗo. Ta biyu yadi ce mai kauri, amma zif ɗinta a sama yake babu murfi, ruwan Agusta ya jiƙa mini takardu. Ga ƙasanta babu soso, duk ramin da muka faɗa sai gefen kwamfutar ya bugi ƙarfen babur. Na gwada ta goyo, kafin in isa ofis bayan kaftanina sharkaf da zufa.

Don Allah, wane irin yadi da ɗinki zan nema a jakar rataye da za ta tare ruwa kuma ba za ta riƙa lilo a kan babur ba?