Shuɗiyar tawada mai haske: ta rubutun kullum ce ko ta kwalliya?

Malama Rabi: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a ofishin malamai wani abokin aikina ya ga littafin da nake shirya darasi a ciki, ya ce shuɗiyar tawada mai haske ta kwalliya ce kawai, wai ba ta isa a yi rubutun yau da kullum da ita ba. Ni kuwa wata huɗu ke nan da ita nake aiki. Tawadar alƙalamin zamani ce, irin wanda ake zuba wa tawada daga kwalba, sunanta Iroshizuku Ama-iro ta kamfanin Pilot na Japan, kwalba mai mililita 50, kuma ma'anar sunan launin sararin sama. Idan na yi shafi uku da baƙar tawada sai in ji idona ya yi nauyi, wannan kuwa sanyi take yi mini. Ina so in ji ra'ayinku.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Malama, ki yi haƙuri, ina bayan abokin aikinki. Na yi shekaru ina aikin akawu, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne, rubutu ba na ranar da aka yi shi ba ne. Kusan duk irin waɗannan launuka masu haske rini ne aka narkar a ruwa, kuma abin da ruwa ya narkar, ruwa na iya sake kwashe shi. Wata damina rufin ofishinmu ya yi yoyo a kan teburina. Shafin da na cika da wata shuɗiyar tawada mai haske ya koma kamar an jiƙa bula a kwano, lambobi sun gudu, sai da muka kwana biyu muna haɗa lissafi daga rasit. Shafin da ke kusa da shi, mai shuɗi-baƙi, ya yi tabo amma kowane harafi na nan.

Malama Rabi: Allah ya kiyaye gaba, Alhaji. Amma ai shuɗiya mai duhu ma rini ce. Pelikan 4001 Royal Blue da yara ke amfani da ita a makarantun Jamus, da gangan aka yi ta yadda za a iya goge ta da alƙalamin gogewa. Ke nan matsalar ba ta haske ba ce.

Alhaji Garba: Kin yi gaskiya a nan, 'yata. Wadda nake nufi ita ce mai sinadarin ƙarfe, irin su Rohrer & Klingner Salix, ko Registrar's ta kamfanin Diamine da ke Liverpool. Ana rubutawa tana shuɗiya, iska na taɓa ta tana duhu, saboda ƙarfen da ke ciki yana haɗuwa da iska ya kama takarda. A Ingila irinta masu rajistar aure da haihuwa suka daɗe suna amfani da ita. Sirrin ma ba baƙo ba ne a wurinmu: dukawa kan shafa ruwan ƙarfe a fatar da aka jeme da bagaruwa, nan take ta yi baƙi. Hanya ɗaya ce.

Nura: Baba Alhaji, Malama, bari in sa baki daga shagon fotokwafi, don kullum ina gani. Shuɗi mai haske shi ne launin da inji ya fi raina wa. Tun da can masu zane da masu gyaran jarida ke yin alama da fensir mai irin wannan launi domin kada ta fito idan an ɗauki hoton shafin. Injinan yanzu sun fi na da gani, amma idan kwafin baƙi da fari ne, sa hannun kan fito toka-toka. Sai na ƙara wa inji duhu, shi kuma ya kwaso dattin takarda gaba ɗaya. Makon jiya wata baiwar Allah sai da ta sake cika fom ɗinta da biro.

Zainab: Yaya Nura, ba na musun abin da ka gani, amma da wane bakin alƙalami aka yi rubutun? Nan ne mutane ke yi wa tawadar rashin adalci. Alƙaluman Japan bakinsu ya fi na Turai siriri ko da lambarsu ɗaya. Na zuba Ama-iro a Pilot mai siririn baki, layin ya fito kamar zaren gizo-gizo, da daddare sai na matso da fitila. Na zuba ta a alƙalamin Turai Lamy Safari mai matsakaicin baki, wallahi kamar ba ita ba. Inda alƙalami ya tsaya a ƙarshen harafi tawada na taruwa ta yi duhu, saman harafin kuma ya yi haske, har kalma ɗaya ta fito da launi biyu. Wannan ne ya sa nake son ta. Kuma ina amfani da ita wajen karatu: bayanin malami da baƙi, tambayoyina da ƙarin bayani a gefe da shuɗi mai haske. Ranar bita ido na faɗawa kansu kai tsaye.

Malama Rabi: Madalla, Zainab. Takarda ma tana da nata. A takardar kamfanin Rhodia tawadar na zama a sama ta bushe da kyanta. A littafin rubutu na 'yan makaranta da muke saya a kasuwa kuwa takarda na shanye ta, harafi ya yi gashi-gashi, ta naso ta baya. Sai dai ko a nan mai haske ta fi sauƙi, don nasonta bai hana ni rubutu a bayan shafin.

Malam Isiyaku: Ni da alƙalamin kara na tashi, tawadarmu kuma baƙin tukunya ce ko gawayi da ƙaro. Abin da nake so ku lura, mu ma ba tawada ɗaya muke yi wa komai ba. Ta allo ana so ta wanku, domin almajiri zai wanke ya sake rubutu gobe. Wadda za a rubuta Alƙur'ani da ita a takarda kuwa ana so ta zauna har jikoki, kuma wasulla da ja ake yin su don ido ya bambance. To Alhaji yana maganar takarda ne, Malama tana maganar allo. Gargaɗi ɗaya: kada wani ya ji wannan ya zuba tawadar ƙaro a alƙalamin zamani. Ƙaro zai bushe a siririyar hanyar da tawada ke bi, ya toshe ta.

Alhaji Garba: Allah ya gafarta Malam, na karɓi misalin, amma ban sauka gaba ɗaya ba. Mutum ba ya sanin wace takarda ce za ta zama hujja. Bashin da ka rubuta a gefen littafi yau, shi za a nema bayan shekara biyar. Ga rana kuma: rini mai haske ya fi saurin kodewa a ido, tunda dama ba shi da yawa a kan takardar. Wanda zai riƙe alƙalami ɗaya tak a aljihu, ban ba shi shawarar ya cika shi da launin sama ba.

Zainab: To Baba, akwai tsaka-tsaki. Kon-peki, 'yar'uwar Ama-iro, tana da hasken amma ta fi ta duhu, kwafi na kama ta sosai. Ruwa dai ita ma ba ta jure masa.

Malama Rabi: Alƙalami ɗaya tak, na yarda da Alhaji, kuma rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa dama ban taɓa cika su da ita ba. Amma shirin darasi da wasiƙa da lissafin cefane su ne rubutuna na kullum, kuma a kansu ba zan bar ta ba. Yau na rubuta layi ɗaya a takardu biyu, na manna ɗaya a gilashin taga mai kallon gabas, ɗayar na sa a aljihun tebur. Bayan wata guda zan haɗa su in gani. Nura, gobe da yamma zan kawo maka shafi biyu, na siririn baki da na matsakaici, ka sa mana su a inji.

Nura: Allah ya kai mu, Malama. Ki haɗo da wanda kika rubuta a littafin kasuwar nan.